mài gādì

mài gādì sn., nj./mc.; jam. mā̀su gādì.

1. Mutumin da ake biya ya tsare gida, shago ko ma'aikata: *~n kasuwar Tsafe, ~n makaranta a Bungudu.*

2. kwamf. Manhajar da ke sa ido kan ayyukan bayan fage a tsarin Unix da Linux. In wani ya mutu, ta sake tayar da shi ba sai an jira mutum ba. Mis. daemontools, runit, Monit; systemd, tun 2010, da umarnin Restart=always: *sabar shagonmu a Gusau ta tsaya tsakar dare, ~ ya tayar da ita.* Lura: ba ya gyara musabbabin matsalar, a riƙa duba rajista.

Dangi: gādì sn., nj.; yi gādì fi. Dubi tsàrō.