Furen da Ya Ƙi Tsiro a N'Djamena

Wata shekara na je Sarh, a kudancin Chadi, ziyarar kawuna. A bayan gonarsa, inda gobarar daji ta bi da rani, na ga wani fure ruwan hoda mai sirkin shuɗi ya fito daga baƙar ƙasa, sanda ɗaya tak, ko ganye babu. Daga baya na gane dangin okid ne na ƙasa, wanda masana ke kira Eulophia, mai ɓoye saiwarsa kamar jerin ƙananan dankali har damina ta kusa. Da kwansonsa ya bushe kawu ya aiko mini da shi N'Djamena. Na fasa, sai na ga abu kamar ƙurar gari. Na barbaɗa a tukunya, na zuba taki, na yi ta ban ruwa wata huɗu. Ko ɗigo bai tsiro ba. Mai ɗakina ta ce tukunyar ta fi dacewa da albasa, kuma ta yi gaskiya.

Dalilin ya girmi garin nan da shekara ɗaya. A watan Mayun 1899 wani matashi Bafaranshe, Noël Bernard, yana aikin soja na dole, ya fita yawo dajin Fontainebleau. Can ya tono wani okid mai suna Neottia, ya tarar irinsa ya tsiro a ƙarƙashin ƙasa. Da ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga kowane tsiro cike da zaren funfuna, dangin naman kaza. A lokacin, wanda ya ga haka cuta zai ce. Bernard ya ce a'a, abinci ne. Irin okid ba shi da guzuri kamar na gero ko wake. Darwin ya ƙiyasta ƙwaya kusan 6,200 a kwanso ɗaya na wani okid na Ingila, to ina wurin ajiye guzuri? Sai zaren funfuna ya kutsa cikin ƙwayar, ya nannaɗe kamar ƙullin zare, tsiron ya narkar da shi ya ci. Idan funfunar ta fi ƙarfi ta kashe tsiron, idan tsiron ya fi ƙarfi ya kashe ta, shi ma ya tsaya. Zaman doya da manja ne, amma babu rabuwa.

Shekara ta zagayo, ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kusuri, hayin kogi daga nan. Rabeh ya mutu, kwamanda Lamy ma ya mutu, Émile Gentil ya kafa sansanin Fort-Lamy, wanda ya koma N'Djamena a 1973. Bayan masu bindiga sai masu jakar ganye: Auguste Chevalier ya bi Kogin Shari har Tafkin Chadi tsakanin 1902 da 1904, yana tsinkar tsirrai, yana matse su a takarda, yana aika su Paris. Ina girmama aikinsa. Sai dai takardar da ake liƙa wa busasshen fure sunan gari da kwanan wata take ɗauka. Abin da ke raye cikin ƙasar a nan aka bar shi.

Bernard bai daɗe ba, tarin fuka ya ɗauke shi a 1911 yana ɗan shekara 36. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin a kwalba idan an ba shi sukari da gishirin ma'adinai. Daga nan kasuwar furen okid ta duniya ta buɗe. A daji kuwa babu mai zuba wa ƙwaya sukari, dole ta faɗa daidai inda funfunar da ta dace da ita take, a ƙasar da garma ba ta juya ba.

Bara na kira kawu na roƙe shi ya bar mini wannan gefen. Ya yi dariya, ya ce ai tuni ya shuka riɗi a wurin, riɗi na kuɗi bana.