Kafin Simili da Metafo: Tarihin Kalmomin Nazarin Adabi a Ƙasar Sakkwato

Ɗalibin sakandare daga Maikujera ko Goronyo, in zai zauna jarrabawar adabin Turanci, dole ya haddace simili da metafo da sauran 'yan uwansu. Illar ita ce, da yawa kan fito da zaton Bature ne ya kawo mana wannan ilimi, alhali kuwa a nan kusa, a Wurno, an daɗe ana aiki da shi tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Malaman jihadi sun gaji fannoni biyu daga Larabci. Akwai balaga, inda ake karanta tashbihi da isti'ara da kinaya, akwai kuma aruli, wato ilimin auna karin waƙa, wanda Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Ba haddace su kawai suka yi ba, a'a, sun ɗora waƙoƙin Fulatanci da na Hausa a kan waɗannan karuruwa. Wurno kuwa ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake, kuma ƙanwarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta yi masa marsiyya, Allah Ya jiƙan su.

Bari in ɗan tsaya a kan tahamisi, domin a nan ne gwanintar take. Mawaƙi zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu a kowane baiti, sai ya ƙara nasa ɗango uku a sama, baitin ya koma ƙwar biyar. Sharaɗin shi ne, ukun nan su hau karin asali, su kuma yi amsa-amo da ɗangon farko na mai waƙar, ma'ana kuma kada ta karkace. Haka aka yi wa Tabbat Haƙiƙa: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, amma mai sauraro ba ya jin inda aka yi ɗinki. Ni dai ban ga wannan dabara a jerin kalmomin da ake koya wa yara a ajin Turanci ba.

To, ina aka samo jigo da salo da zubi da tsari a matsayin kalmomin nazari? Wannan aikin jami'o'i ne. Da aka fara ba da digiri a Hausa, sai ya zama ba a iya feɗe waƙar Hausa da aron bakin wani. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya tsara hanyar da ya kira Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, a Sakkwato kuma Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa.

Daga irin wannan ƙoƙari ne kalmomin suka zauna. In ka ce Gulbin Rima ya cika kamar teku, kamantawa ka yi. In ka ce Rima teku ne, ka yar da “kamar”, siffantawa ke nan. In kuwa ka ce Rima ya yi fushi ya cinye gonakin fadama, ka mutuntar da shi. Abin da ya fi burge ni, manazartan namu ba su tsaya nan ba. Sun ware dabbantarwa, inda ake ba mutum halin dabba, da abuntarwa, inda ake mayar da shi wani abu marar rai, kamar yadda makaɗan fada ke mayar da sarki giwa ko dutse. Kirarin sarakuna kuwa cike yake da su.

Sai dai har yanzu waƙa ce ta kwashe kaso mai tsoka. Ƙagaggen labari, wanda ya kafu da gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, bai samu irin wannan gata ba, shi ya sa marubutanmu in suna muhawara kan yadda aka ƙulla labari ko ta bakin wa ake ba da shi, sai ka ji sun koma Turanci.