Atamfa: zanen da ya ratsa nahiyoyi uku kafin ya zama namu

Da an ce dunƙulewar duniya, sai hankali ya tafi ga wayar salula da intanet. Ni kuwa a ganina akwatin lefe ya fi su iya ba da labarin, domin atamfar da ke cikinsa, wadda muke kira kayan gargajiya, baƙuwa ce da ta yi doguwar tafiya.

Asalinta tsibirin Java ne, a Indonesiya ta yau. Matan can kan zuba narkakken kaki a kan farin yadi su tsoma shi a rini, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Batik suke ce wa wannan aiki. A ƙarni na 19 Turawan Holand, masu mulkin tsibirin, suka ƙera injin da zai kwaikwaye shi da araha. Mutanen Java suka ƙi saye, saboda kakin na tsagewa, rini ya kurɗa ya bar jijiyoyi a jikin yadin. Abin da suka ɗauka aibi shi ya burge matan gaɓar Afirka ta Yamma, bayan wani ɗan kasuwa ɗan Sikotland, Ebenezer Brown Fleming, ya fara kai shi ƙasar da ake kira Gana yanzu wajen shekarun 1890. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, da aka kafa a 1846, har yau shi ke buga Holandis ɗin da ake alfahari da ita a lefe.

Ba tsirara atamfa ta tarar da mu ba. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya tarar da saƙinta da rininta suna tafiya har Timbuktu da Ghat da Turabulus a bayan raƙuma. Amma raƙumi ba ya ja da jirgin ruwa mai tururi, balle da jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Yadin injin Manchester ya shigo da arahar da mai saƙa da hannu ba zai iya ba.

Da aka doshi 'yancin kai, gwamnatoci suka ce mu ma mu saƙa namu. Aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sai UNTL a 1964. Gana ta samu GTP a Tema da masaƙar Akosombo, Yamai ta samu SONITEXTIL, wadda daga baya ta koma ENITEX. Abin mamaki, mai UNTL ɗan kasuwar Hong Kong ne, Cha Chi-ming. Wato tun a lokacin 'yan Sin suna cikin harkar, sai dai a nan suke kafa injin, 'ya'yanmu kuma ke karɓar albashin. Unguwar Kakuri a Kaduna da ladan masaƙa ta ginu.

Masu cewa Sin ce ta kashe masaƙunmu sun faɗi rabin gaskiya. Ta tarar da su a kwance. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an roƙa. A ɓangarenmu an zabge rabin darajar sefa a watan Janairun 1994. Ana cikin haka Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, a farkon 2005 kuma aka kawo ƙarshen tsarin da ke ƙayyade yawan yadin da ƙasa za ta fitar. Ga kwantena ta sauƙaƙa dakon kaya, ga waya: ɗan kasuwa ya ɗauki hoton zane a Lome ya tura Guangzhou, a buga masa kwafi. UNTL ta rufe ƙofarta a 2007.

Akwai wani gefe da mu 'yan Nijar ba mu cika son a taɓo ba. Najeriya ta daɗe tana hana shigo da yadi don kare masaƙunta, sai kayan suka riƙa sauka a tashoshin Kwatano da Lome. Manyan motoci su haye ta Gaya, su sauke a Birnin Ƙonni da Maraɗi, daga nan a tsallaka da su ta Illela da Jibiya har Kantin Kwari. Alhazan Maraɗi sun yi dukiya, baitulmalin Nijar ya karɓi harajin ratse, direbobi da 'yan dako sun ci abinci. Ma'aikacin Kakuri da aka sallama kuwa ɗan uwanmu ne, harshenmu ɗaya. Kuma ba zan iya cewa macen ƙauye da yanzu ke ɗinka sabon zane kowace salla ta yi asara ba, tunda da can gwanjo kaɗai kuɗinta ke iya saye.

Ribar dai ta mai tsaron hanya ce, kuma hanyar ba a hannunmu take ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Tsawon watannin nan motoci suka yi jerin gwano a Ɗan Isa, kantunan ajiya a Maraɗi cike da bandir-bandir na atamfar da aka buga a Sin da zanen Holand, ba mai ɗauka sai 'yan kabu-kabu da ke bi ta daji da dare.