Kwanson Harsashi: Tarihin Masu Ɗura Harsashi a Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga yadda 'yan bindigar sarki suke yi kafin su saki wuta. Mutum zai kafa gindin bindigarsa a ƙasa, ya zuba albarushi ta bakinta, ya tura tsumma, ya danna da ɗan sandan ƙarfe, sa'an nan ya ɗaga ta sama ya harba. Abin da muke kallo a wurin nan shi ne abin da kowane mai bindiga a duniya yake yi shekaru ɗari biyu da suka wuce, Bature ne ko Balarabe ko Bahaushe. A wancan zamani harbi da ɗuri sana'a guda ce, wanda bai iya ɗuri ba kuwa ba maharbi ba ne. A wannan ɗan rubutu za mu bi sawun yadda masana'anta ta raba maharbi da wannan aiki, da kuma yadda wasu mutane, galibinsu a Amurka, suka ƙi sakinsa har ya zame musu abin sha'awa da suke yi a gida da maraice.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomin kansu. Bindiga da albarushi da harsashi duk baƙi ne daga Larabci. Bindiga ta samo asali daga bunduƙiyya, ita kuma daga bunduƙ, wani ɗan itace mai kwanso wanda girmansa ya yi daidai da ƙwayar da ake harbawa. Albarushi daga albarud yake. Harsashi kuwa daga arrasas ne, wato dalma. Ke nan a asali harsashi dunƙulen dalma ne kawai da maharbi ya narkar ya zuba da hannunsa. Ma'anar da muke ba shi yanzu, ta wani abu mai kwanson tagulla da ake saye a kwali, daga baya ta zo. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki (1768-1776) a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa, a Barno kuwa Mai Idris Alooma ya riga shi da kusan ƙarni biyu. Abin takaici, ita ma kalmar 'yan bindiga ta sauya ma'ana a bakinmu yau, kuma kowa ya san inda ta koma.

Matakin farko na sauƙaƙa ɗuri shi ne ƙunshin takarda: a auna albarushin harbi guda, a naɗe shi tare da dalmarsa, soja ya gatsa da haƙori ya juye a bakin bindiga. Irin wannan ƙunshi ne ya kunna wutar tawayen sojojin Indiya a 1857, sa'ad da labari ya bazu cewa an shafe takardar da kitsen saniya da na alade, abin da Hindu da Musulmi duka ba za su kai bakinsu ba. Amma babbar matsala ita ce ta kunna wuta. Tsohuwar bindiga da ƙanƙara take aiki, kamar ƙyastu, in an yi ruwa ko raɓa sai ta ƙi tashi. Wani limamin coci na ƙasar Sikotlan mai suna Alexander Forsyth, wanda yake farautar tsuntsayen ruwa, ya gaji da yadda walƙiyar ƙyastun take korar masa tsuntsu kafin harbi ya fita, sai ya ƙago hanyar kunna albarushi da wani sinadari mai tashi in an buge shi, ya yi rajistarta a 1807. Daga nan aka sami 'yar hular nan ta ƙarfe da kunamar bindiga take sara. A 1812 wani maƙerin bindiga mutumin Siwizalan, Pauly, ya yi rajista a Faris ta harsashin da ya haɗa komai wuri guda, wanda ake sa shi ta gindin bindiga maimakon ta baki.

A 1866 aka yi wani abu da ya kamata mu ɗan dakata a kansa, domin a kansa duk labarin ya rataya. Mutum biyu, kowa a ƙasarsa, suka yi rajistar hanyar dasa 'yar hula a tsakiyar gindin kwanso. Ɗaya Kanar Edward Boxer ne na ma'aikatar makaman Ingila da ke Woolwich, ɗaya kuma Hiram Berdan, tsohon hafsan yaƙin basasar Amurka. A tsarin Boxer rami ɗaya ne a tsakiyar gindin kwanson, saboda haka bayan an yi harbi cire tsohuwar hula ba wuya. A tsarin Berdan ramukan ƙanana ne kuma a gefe suke, fitar da hular sai an sha fama. Sai tarihi ya yi irin wasan da ya saba: Turai, har da Ingila, ta rungumi tsarin Ba'amurke, Amurka kuma ta ɗauki tsarin Baturen Ingila. Ta haka kwanson Amurka ya zama abin da ake tsincewa a sake ɗurawa sau da yawa, na Turai kuwa galibi a bar shi inda ya faɗi.

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan ba don sha'awa suka yi ba. A shekarun 1870 mafarautan ɓauna suka cika filayen yammacin Amurka da manyan bindigogin Sharps, suna kashe dabbar don fatarta. Tsakaninsu da kanti tafiyar kwanaki ce, harsashin kamfani kuma da tsada. Don haka sai su tafi da dalma da albarushi da huloli a keken doki, da dare a zauna bakin wuta a wanke kwanso, a narka dalma, a ɗura na gobe. Bai kamata mu yi wa wannan hoto ado ba. Ɓaunar da aka ƙiyasta ta kai miliyan 30 a farkon ƙarnin, zuwa 1889 ɗaruruwa ne suka rage a daji, kuma ƙarewarta ta karya ƙabilun Indiyawan Amurka da abincinsu da suturarsu da tantinsu duk daga jikinta suke. Arahar harsashi na cikin abubuwan da suka sa wannan ɓarna ta yiwu cikin shekaru ƙalilan.

A daidai wannan lokaci, a nan Afirka ta Yamma, an yi irin wannan ɗuri amma bisa wani dalili dabam. Ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Burasal, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan nahiyar, ta bar musu tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi haka, amma ba sai an gaya mana wanda ya ci ribarta a fagen fama ba. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransa har zuwa kama shi a 1898, ya tara maƙera suna gyara bindigogi, suna kwaikwayon ƙirar Gras ta Faransawa, mayaƙansa kuma suna tsince kwanson da aka harba a kawo wa maƙera su sake ɗurawa. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. A Damagaram Sarki Tanimu ya riga ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a Zinder tun kafin wannan yarjejeniya. Duk da haka, da Turawa suka iso Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli, bindiga mai ruwa ce ta yi magana, ita kuwa harsashinta masana'anta ce take zubo shi dubu-dubu.

Mu koma Amurka. A 1884 John Barlow, wanda ya yi aiki a kamfanin Winchester, ya kafa kamfanin Ideal a New Haven yana ƙera wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki na ɗura harsashi, yana kuma buga ɗan littafin jagora. Kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, ya ci gaba da buga littafin. A shekarar 1884 ɗin nan kuma Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a Faransa, kuma wannan ya mai da ɗuri aikin awo da lissafi. Baƙin albarushi yana da haƙuri da mai kuskure. Sabon kuwa ɗan ƙari kaɗan ya isa ya tarwatsa bindiga a hannun mai ita, ya tafi da yatsu ko ido. Daga nan sikeli da littafi suka zama tilas a kan teburin mai ɗuri.

Akwai waɗanda haɗarin ne ma yake jan su. Elmer Keith, makiyayin shanu daga jihohin Montana da Idaho, ya taɓa fasa libarbarsa ƙirar Colt a shekarun 1920 saboda cika mata ɗuri, ya kuma ba da labarin da kansa a rubuce. Bai daddara ba. Gwaje-gwajensa da na Philip Sharpe, wanda ya wallafa babban littafi kan wannan fanni a 1937, su ne suka share fagen harsashin .357 Magnum na 1935. Shekara 20 bayan haka nacin Keith ya kai kamfanonin Smith & Wesson da Remington ga fito da .44 Magnum. A nan sai abin ya juye, masana'anta ta koma tana bin sawun mutumin da ke aiki a bayan ɗakinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mai da abin na talakawa. Lokacin yaƙin gwamnati ta kwashe tagulla da dalma, farar hula ba su samun harsashin farauta. Vernon Speer ya riƙa tattara ƙananan kwanson .22 da aka yar yana yi wa dalma riga da su. Fred Huntington ya fara ƙera na'urar yin haka a 1943 a garin Oroville na Kalifoniya, ya raɗa wa kamfaninsa suna RCBS daga sunan wata 'yar dabbar duwatsu mai kama da rema da yake harbi. Da yaƙi ya ƙare sai ga albarushin soja jibge ba mai buƙata, sai Bruce Hodgdon na jihar Kansas ya sayi fam 50,000 a 1947, ya ajiye a tsohon taragon jirgin ƙasa, yana sayarwa kaɗan-kaɗan. John Nosler ya fito da nasa ƙirar harsashi a 1948, Joyce Hornady ya buɗe kamfani a Nebaraska a 1949, Richard Lee kuma ya kawo ɗan akwatin ɗuri mai araha a 1958. Miliyoyin samari sun dawo daga yaƙi sun saba da bindiga, ga tsofaffin bindigogin Jamus da Japan da suka zo da su tsaraba, wasunsu ba a samun harsashinsu a kanti sai dai mutum ya ɗura da kansa.

In ka tambayi mai wannan sha'awa dalilinsa zai ce tsimi. Su kansu suna yi wa juna ba'a cewa ba wanda ya taɓa tara kuɗi ta wannan hanya, harbin ne kawai yake ƙaruwa. A ganinmu dalilin gaskiya ya fi kusa da na mai rini ko maƙeri: mutum ya auna, ya gwada, ya rubuta a littafi, ya sake gwadawa har ya gano abin da bindigarsa ita kaɗai take so. Sai dai kayan wannan sana'a ba baba ba ne, ba kuma ƙarfen garma ba, shi ya sa ƙasashe suka sha bamban a kansa. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa ya karɓi izini kafin ya sayi albarushi. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen wuraren da hukuma ta amince da su, aikin kuma na ma'aikatar makamai ce da aka kafa a Kaduna a 1964. Ganin halin da ƙauyukanmu suke ciki, ba mu ga dalilin jin haushin wannan doka ba.

Masu ɗuri a Amurka sun daɗe suna alfaharin cewa su ba bayin kanti ba ne. An gwada wannan alfahari a 2013, bayan kisan yara 'yan makaranta a Sandy Hook a Disambar 2012, sa'ad da tsoron sabuwar doka ya sa jama'a suka wawashe harsashi. An sake gwada shi a 2020, da annobar korona ta haɗu da zanga-zanga da zaɓe. Mai ɗuri yana iya tsintar kwanso, yana iya narka dalma, amma 'yar hular nan da ta samo asali daga limamin Sikotlan sai masana'anta, masu yin ta a Amurka kuwa kamfanoni ne 'yan ƙalilan, kuma su ne dai masu yin harsashin kanti. Da ciniki ya yi zafi sai suka juya hulolin zuwa nasu harsashin. Har cikin 2021 mutane da yawa suna zaune da buhunan kwanso wankakke, ga sikeli ga na'ura a kan tebur, babu hular da za su dasa.