Kibɗawa a Ƙasar Hausa: Tsakanin Riwaya da Haƙar Kufai

A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kawo labarin cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar ne. Kibɗawa kuwa su ne Kiristocin Masar, waɗanda riwayarsu ke cewa Markus, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila huɗu, shi ne ya kafa cocinsu a Iskandariyya. Har yau ana jin wannan magana a bakin dattijan Tsibiri da Sabon Birni, kuma ɗalibai kan tambaye mu a aji ko gaskiya ce. Kafin malami ya amsa, ya kamata ya san irin sawun da addinin Kirista na farko ya bari a wuraren da ya zauna da gindinsa.

A ƙarshen 1945 wasu manoma a Naj Hammadi, kudancin Masar, suka tono wata tulu mai ɗauke da littattafai 13 cikin harshen Kibɗanci. Da masana suka buɗe bangon ɗaya daga cikinsu, sai suka tarar an cika shi da tsofaffin takardun ciniki masu kwanan wata na shekarun 341, 346 da 348 Miladiyya. Da haka aka gane cewa ba a ɗinke littafin ba sai bayan waɗannan shekaru. A ƙarshen shekarun 1940 kuma, Willard Libby na Amurka ya fito da awon karbon 14. Duk abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, kuma daga ranar da ya mutu rabinsa kan zube a kowace shekara 5,730. Gawayi, ƙashi, fata da zane duk suna iya faɗin shekarunsu ta wannan hanya.

A ƙasar Nuba, da ke bakin kogin Nilu a arewacin Sudan, sarakuna sun karɓi addinin Kirista a ƙarni na 6. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye yankin, ayarin Kazimierz Michałowski na ƙasar Folan ya tono babbar cocin Faras daga cikin rairayi. An sami zane-zane fiye da ɗari a jikin bango, da jerin sunayen manyan limaman cocin, da kaburburansu. Addinin da ke da littafi da ɗakin ibada da limamai, irin sawun da yake bari ke nan.

To, me ƙasarmu ta bayar? Gobirawa sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu, kuma wasu masana tarihi suna danganta su da Maranda, garin da Al-Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9. Ana kyautata zaton kufansa shi ne Marandet, kudu maso yamma da Agadas. A can Bafaranshe Henri Lhote ya tara ƴan kaskon narka tagulla fiye da 40,000, kuma awon gawayin wasu ramuka ya koma tsakanin ƙarni na 6 da na 9. An sami tukwane da duwatsun ado, shaidar maƙera da fatake. Ba a sami coci ba, ba a kuma sami rubutun Kibɗanci ba.

Neman Kiristocin da suka ɓace a ƙasar Sudan ya ma riga masu haƙa. Labari ya isa Tarabulus cewa akwai masu rataya gicciye a bayan Barno, a wajen Kwararrafa. A 1710 wasu fada biyu na ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria na Janowa da Severino na Silesiya, suka bi ayari ta Fazzan zuwa Agadas, daga nan suka nufi Katsina, inda cuta ta kashe su a 1711 ba tare da sun sadu da jama'ar da suka zo nema ba.

Wannan bai mai da riwayar Gobirawa abin yarwa ba. Kamar labarin Bayajida na Bagadaza da na Kisra a Bargu, tana nuna yadda masarautu ke jingina asalinsu da gabas, tana kuma adana tunanin wata tsohuwar hulɗa da ƙetaren hamada, wadda tagullar Marandet ta gaskata. Awon kimiyya yana iya faɗin shekarun takarda ko bango. Batun imani kuwa ba ya hawa ma'auninsa, kuma mai haƙa na ƙwarai ba ya da'awar haka.

Saboda haka a koyar da riwaya da sunan riwaya, a koyar da abin da aka tono da sunan shaida, ɗalibi ya san bambancinsu. Mu a nan Kance, tsakanin Damagaram da Katsina, akwai aiki biyu a gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu. Na farko, a naɗi maganar dattijai tun suna raye, kamar yadda cibiyar CELHTO ta Yamai ta saba yi. Na biyu, a kare kufai. Abin da ya sami Bura, a yammacin Nijar, ya ishe mu darasi: bayan haƙar da Bube Gado ya jagoranta a 1983, ɓarayin kayan tarihi sun wawashe makabartun yankin don sayarwa a Turai. Tukunyar da aka cire daga gurbinta ba tare da awo ba ta rabu da shekarunta har abada. Duk manomin da garmarsa ta ci karo da tsohon kasko ko ƙashi, a roƙe shi ya bar shi a inda yake, a sanar da masu binciken Jami'ar Abdu Mumuni.