Daga aikin gayya zuwa hakaton: ɗan tarihi ga ɗaliban Yola da Jimeta

'Yan uwa ɗalibai na MAU, AUN, Poli da FCE. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe.

Duk sa'ad da aka manna sanarwar hakaton, sai ka ji wani ya ce, "Ai wannan na 'yan kwamfuta ne." Wani kuma tambayarsa ɗaya ce: "Nawa za a ba wanda ya ci?" To bari mu waiwayi asalin abin.

Hakaton taro ne da ake kasa mutane rukuni-rukuni, a ba su matsala, a ce cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙera manhaja ko na'urar da za ta magance ta. Bahaushe ya san irin wannan tun kaka da kakanni. Gayya ce. A taru a gonar mutum da sassafe, kowa da fartanyarsa, kafin la'asar an nome abin da zai ɗauke shi mako guda.

Sunan ya fito ne a 1999. A watan Yuni na shekarar, masu rubuta manhajar OpenBSD su goma suka haɗu a birnin Calgary na Kanada suka duƙufa kan aiki tare. A watan dai, kamfanin Sun ya kira wata gasa da wannan suna a taronsa na JavaOne. Daga baya kamfanoni irin su Facebook suka mai da shi al'ada, ma'aikata su kwana suna gwada sababbin dabaru. A 2009 ɗaliban Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fara nasu mai suna PennApps, daga nan abin ya bazu a jami'o'i.

A Najeriya kuwa, misalin da ya fi fice daga Legas ya fito. A 2011 cibiyar CcHub da ke Yaba ta shirya gasa kan harkar mulki, inda Oluseun Onigbinde da abokin aikinsa suka kawo dabarar fassara kasafin kuɗin gwamnati yadda talaka zai gane. Ita ce ta zama BudgIT, wadda har yau 'yan jarida ke dogara da alƙalumanta.

Mu dawo gida. Tun 1981 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola, FUTY ke nan, wadda aka sa wa sunan Modibbo Adama a 2011. A 2005 kuma jami'ar da Atiku Abubakar ya kafa, AUN ta yanzu, ta ɗauki ɗalibanta na farko, da tsangayar kimiyyar kwamfuta a cikinta. Wato dai ilimin ya daɗe a garin nan.

Abin da ya sauya lissafi shi ne 2014. A ƙarshen Oktoba Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, gida ɗaya ka tarar da baƙi sun fi masu gida yawa. AUN da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta haɗa malaman Musulunci da na Kirista, suka shiga rabon abinci ga dubun-dubatar mutane, ɗalibai suna cikin masu aikin. Bayan haka jami'ar ta yi shirin koyar da yara karatu da lissafi ta rediyo. A 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe cibiyar ƙirƙira don ayyukan jinƙai ta Arewa maso Gabas a nan Yola, da haɗin gwiwar ƙungiyar Red Cross ta duniya. Ka ga ɗalibin Adamawa ba sai ya aro matsala daga Legas ba. Ga ambaliyar Binuwai duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kamar a 2012 da 2022. Ga manomi da ba ya sanin farashin kasuwar Jimeta sai ya iso da kayansa.

To me ɗalibi yake samu a kwana biyun nan?

Na farko, hannu ya faɗa. A aji kana iya haddace darasi ka ci jarrabawa. A hakaton kuwa, ko manhajar ta tashi ko ta ƙi, kuma alƙalai suna tsaye a kanka. A nan ake koyon neman kuskure layi-layi da ajiye aiki a GitHub.

Na biyu, zama da mutane. Wani ya iya rubuta manhaja amma ba ya iya bayani. Wata daga sashen kasuwanci take, ita ta san ko mutane za su biya. Ɗan sashen noma shi ya san abin da ke damun manomi. Za a yi gardama, wuta za ta ɗauke, data ta ƙare, dole a yanke shawarar abin da za a bari don a gama sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ranar neman aiki. Bayan bautar ƙasa kowa yana da kwali. Wanda zai buɗe waya ya ce "ga abin da muka gina, ga ɓangaren da na yi" ya sha gaban sauran.

Amma fa a faɗi gaskiya: yawancin abin da ake ginawa a hakaton a nan yake mutuwa. BudgIT ta rayu ne don masu ita sun ci gaba da aiki bayan an watse. Gayya ma idan an tashi, mai gona ne ke komawa ya yi maimai.

Saboda haka idan sanarwa ta fito a wannan zangon, ku nemi mutum uku ko huɗu daga sassa daban-daban ku ba da suna. 'Yan uwa mata, ku ma ku shigo, kada a bar ku da riƙe jaka. Ku zaɓi matsalar da kuka gani da idonku a Jambutu ko Girei, kuma ku sa ranar sake haɗuwa tun kafin a faɗi wanda ya ci.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Wanda ya taɓa shiga, ya ba mu labarin yadda ta kaya.