Daga Ashikaga zuwa Ruma: Sunan gari, sunan gida, sunan sarauta

Mai karatu, in ka tsaya bakin tashar Batsari ran kasuwa ka ga Honda da Suzuki suna wucewa, ko ka san sunayen mutane kake karantawa a jikin tankin mai? Sunayen zuri'a ne na ƙasar Japan, kuma da yawa daga irin waɗannan sunaye asalinsu sunan wani ƙauye ne ko wata gona. Abin da ya ja hankalina kenan bayan na sake kallon Seven Samurai, fim ɗin Akira Kurosawa na 1954.

A Japan ta da, jarumi kan ɗauki sunan ƙasar da yake riƙe da ita ya mai da shi sunan gidansu. Ashikaga gari ne a arewa da Tokyo. Zuri'ar da ta mallake shi ta ɗauki sunan, har a 1338 Ashikaga Takauji ya zama Shogun, wato sarkin yaƙi mai riƙe da ragamar mulki. Sun yi mulki har 1573, amma daga Kyoto, nesa da garin da ya ba su suna. Shi kuwa Tokugawa Ieyasu, wanda ya zama Shogun a 1603, sunan gidansu na farko Matsudaira, shi ma sunan ƙauye ne. Ƙauyen nan yau yana cikin birnin Toyota, birnin da ake kira Koromo kafin 1959, lokacin da aka sa masa sunan kamfanin mota na iyalan Toyoda. Ka ji: gari ya ba mutum suna, mutum ya ba gari. Talaka kuwa sai a 1875 doka ta wajabta masa sunan zuri'a.

To, kada ka ce abin na nesa ne. Hakimin Batsari sarautarsa Sarkin Ruma, alhali Ruma gari ne daban a cikin ƙasar Batsari. Sunan guda ya zama gari, ya zama sarauta, ya zama jama'a, wato Rumawa, sannan ga shi a ƙarshen sunayen 'yan boko. Me ya ba Ruma wannan nauyi? Bakin daga ce. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, daga can suke kawo hari. Yammacin Katsina ya zama hanyar mayaƙa. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, garuruwan yankin Ruma suka yi bore da goyon bayan Ɗanmari na Maraɗi, aka murƙushe su da ƙarfi, gonaki da yawa suka koma daji. Daga baya sai aka yi Ɗanwaire, jarumin da har gobe in an ambaci Ruma sai an ambace shi. Kujerar hakimi tana Batsari, amma sunan na Ruma ne, kamar dai yadda Ashikaga suka zauna Kyoto da sunan garinsu.

A Safana abin ya juya. Hakiminta Yariman Katsina ne, sarautar da ta fito daga fada ta zo ta sami gari. Wannan ya samo tushe ne bayan zuwan Turawa Katsina a 1903, lokacin da aka riƙa tura masu sarauta daga birni su zauna cikin gundumomi don haraji da shari'a. Garin kuma ya ba 'ya'yansa suna. Ka tuna Dakta Aminu Safana, ɗan majalisar wakilai da ya yanke jiki ya faɗi a zauren majalisa, ya rasu a Oktoban 2007? Ƙasa duk ta ji sunan Safana a ranar. Makarantar boko ce ta yaɗa mana wannan al'ada: Aminu Kano, Shehu Shagari, Isa Kaita. Ku masu karatun littattafai ai kun san Bilkisu Funtuwa.

Ga inda abin ke min ciwo. Labarin Kurosawa na manoma ne da 'yan fashi ke jiran su girbe su zo su kwashe. Wanda ya fito daga ƙauyukan bakin dajin Rugu ba ya buƙatar a fassara masa wannan fim. Tun wajen 2019 ya ga an tashi ƙauyuka, mata da yara sun kwana a makarantun Batsari. Yaron da aka haifa a gudun hijira zai rubuta sunan ƙauyensu a rajistar makaranta, alhali bai taɓa shan ruwan rijiyarsa ba.

Japanawa sun mai da tarihin jarumansu fim, duniya ta kalla. Mu fa? Furodusoshinmu na Kano da marubutanmu, ga Ruma, ga Ɗanwaire, ga tsofaffi da sauran labari a bakinsu. Kai kuma mai karatu, in sunanka ya ƙare da sunan gari, je ka tambayi kakanka wa ya sari garin, tun yana da ran ba ka amsa.